FASA KWALBA BAI ISA BA: INA MASHAYI ZAI JE BAYAN YA TUBA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A cikin sahun da aka yi sallar Juma'a yau akwai matashin da ya ɗaga hannu ya roƙi Allah gafara da zuciya ɗaya, ya yi alƙawarin ba zai sake kusantar giya ba, alhali kuwa wannan shi ne karo na goma ko na ashirin da yake ɗaukar irin wannan alƙawari. Babu wanda ya san halin da yake ciki in ban da abokan shansa da mai sayar masa. Iyayensa sun ga ya rame, sun ga kuɗi ba ya zama a hannunsa, sun ga hannun na rawa da safe, amma suna danganta abin da zazzaɓi ko sammu. Shi kuwa ya san cewa kafin Magaribar gobe ƙafarsa za ta kai shi inda ya rantse ba zai koma ba. Wannan matashi ba baƙo ba ne. Ɗan unguwa ne, wani lokaci ɗan makarantar dare, wani lokaci ma ɗan gidan malamai.

A watan Nuwamba na shekarar 2013 hukumar Hisba ta Jihar Kano ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a, sannan a watan Fabrairu na 2022 ta sake farfasa kusan miliyan huɗu. Tun daga shekarar 2000 da Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi 12 na Arewa suka rungumi Shari'a, wadda ta tanadi bulala ga Musulmin da aka tabbatar ya sha giya. A watan Fabrairu na 2024 kuma hukumar NAFDAC ta sanar da fara hana giyar da ake ɗurawa a 'yan ledoji da ƙananan robobi, irin wadda yaro zai iya saye da kuɗin tararsa ya jefa a aljihu. Babu mai musun cewa toshe hanyar ɓarna yana da muhallinsa. Amma akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba, wato bayan an fasa kwalbar, ina ƙishirwar da ke cikin mashayin ta tafi? Tana nan daram. Idan aka rufe masa wannan mashaya sai ya nemi waccan, idan kwalba ta yi tsada sai ya koma burukutu, ko ogogoro, ko goskolo, waɗanda babu mai sanin abin da aka zuba a cikinsu. A watan Yuni na 2015 kimanin mutane 70 ne suka mutu a Jihar Ribas bayan sun sha ogogoron da ke ɗauke da gubar metanol.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yuni na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 2.6 a faɗin duniya, miliyan biyu daga cikinsu maza ne, kuma 'yan shekara 20 zuwa 39, wato tsaran masu karanta wannan jarida, su ne rukunin da kason ya fi yawa a cikinsu. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 400 ne ke fama da matsalar sha, miliyan 209 daga cikinsu sun kai matakin da jikinsu ya dogara da ita. Kuskure ne babba a ɗauka cewa wannan masifa ta wasu mutane ce can nesa. A inda sha ya zama abin kunya da hukunci, mashayi yakan sha a ɓoye, ya yi ciwo a ɓoye, ranar da ya mutu a ce hanta ce ko hatsarin babur ne.

TURKEN SABO

Giya haramun ce, kuma babu wani bayanin likita da zai sauya wannan hukunci. Sai dai sanin hukunci daban, sanin yadda ake fitowa daga ramin kuma daban. Likitoci sun tabbatar da cewa wanda ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa takan sauya tsarin aikinta domin ta jure wa giyar da ke danne ta. Ranar da giyar ta yanke sai jijiyoyi su tashi kamar dokin da ya ƙwace linzami, a sami rawar jiki, da zufa, da tashin zuciya, da fargaba, da rashin barci, kuma abin da ke kwantar da su nan take shi ne wata kurɓar. Wannan ne dalilin da ya sa tubar dare take rushewa da safe. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma waɗanda wannan turke ya ɗaure ba duka ne wawaye ba. Akwai direba, akwai ɗalibin jami'a, akwai ma'aikacin ofis, akwai ma mahaddaci.

Wani likita ɗan Amurka mai suna John Ewing ya tsara tambayoyi huɗu waɗanda asibitoci ke amfani da su, kuma kowane matashi zai iya yi wa kansa su a ɗakinsa. Shin ya taɓa jin ya kamata ya rage sha? Shin ransa yakan ɓaci idan aka yi masa maganar shansa? Shin yakan ji nadama bayan ya sha? Shin ya taɓa buƙatar kurɓa da sassafe kafin jikinsa ya tsaya? Duk wanda ya amsa da "e" sau biyu ko fiye, to lokaci ya yi da zai nemi taimako, don barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Allah (SWT), wanda ya halicci ɗan Adam ya kuma san rauninsa, bai haramta giya a rana ɗaya ba. A aya ta 219 cikin Suratul Baƙara aka bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, a aya ta 43 cikin Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sai a ayoyi na 90 da 91 cikin Suratul Ma'ida aka yanke hukuncin ƙarshe. Hukuncin ya riga ya tabbata, babu mai komawa matakin farko, amma darasin yana nan. Ranar da haramcin ya sauka jama'a guda ce ta bari tare, har aka ruwaito cewa giya ta kwarara a lungunan Madina. Wanda ya bari a wannan rana bai koma gida ya tarar da abokansa na jiransa da ƙoƙo ba, domin su ma sun zubar. Abin da matashin yau ya rasa ke nan. Shi kaɗai yake tuba, sannan da yamma ya koma majalisar da ya saba.

Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himar, mai yawan ba Manzon Allah (SAW) dariya, wanda aka sha kawo shi saboda sha ana yi masa haddi. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi, sai Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar kuma ya gargaɗi sahabbai da kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Masu tarihi kuma sun kawo labarin Abu Mihjan As-Saƙafi, wanda Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ɗaure saboda sha a lokacin yaƙin Ƙadisiyya. Ya roƙi matar Sa'adu ta sake shi, ya hau dokin Sa'adu ya yi bajintar da ta ba kowa mamaki, sannan ya dawo da ƙafarsa ya mayar da kansa cikin mari. Da Sa'adu ya gane abin da ya faru ya yi alƙawarin ba zai sake yi masa bulala ba, a nan ne Abu Mihjan ya rantse ya bar giya har abada. Mutuncin da aka mayar masa ne ya raba shi da ita.

MENE NE ZAMAN TAIMAKON JUNA?

A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je garin Akron da ke Jihar Ohayo ta Amurka domin wani ciniki, cinikin kuma ya lalace. Wata biyar ke nan da ya daina sha bayan giya ta kusa halaka shi. Yana tsaye a otal yana jiyo hayaniyar mashaya, sai ya fahimci cewa idan bai sami wani mashayi ya yi magana da shi ba, to zai koma. Ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da wani likitan fiɗa mai suna Bob Smith, wanda shi ma sha ya lalata masa aiki. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi, amma suka shafe kusan awa shida suna magana, domin a karo na farko ya haɗu da wanda ya san ciwon daga ciki. Ranar 10 ga Yuni, 1935 ake lissafawa a matsayin ranar da likitan ya yi kurɓar ƙarshe, kuma bai sake ba har ya mutu a 1950. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba sa bayyana sunayensu, wadda ake taƙaitawa da AA. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai 12, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta membobinta da kimanin miliyan biyu a ƙasashe wajen 180.

Tsarin zaman ba shi da wuya. Mutane sukan haɗu a ɗaki na kimanin awa ɗaya, kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ya ba da labarin yadda yake a da, da abin da ya same shi, da yadda yake yanzu. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne, wato son daina sha. Babu kuɗin rajista, sai dai a zagaya da kwano kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa domin hayar ɗaki da shayi. Akwai zaman da aka keɓe wa masu matsalar kaɗai, akwai kuma buɗaɗɗe wanda dangi da masu son sani za su iya halarta. Matakan 12 kuwa sun ƙunshi mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya lissafa waɗanda ya cuta ya nemi gyara tsakaninsa da su, sannan ya taimaki wani mai irin ciwonsa. Duk ɗalibin da ya karanta sharuɗɗan tuba zai ga bai yi baƙunta a nan ba: nadama, da bari, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga masu shi.

Ko abin yana aiki? A shekarar 2020 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka shafi mutane 10,565. Sun gano cewa a cikin waɗanda aka bi da su ta tsararriyar hanyar shigar da su AA, kimanin kashi 42 cikin ɗari ne suka cika shekara ba su sha ba, yayin da a sauran hanyoyin ba da shawara aka sami kimanin kashi 35. Wannan adadi yana faɗin abu biyu. Na farko, zaman yana da amfani na haƙiƙa, kuma kyauta ne. Na biyu, ba laya ba ce, fiye da rabi sun yi tuntuɓe kafin shekara ta cika, don haka wanda ya faɗi bai kamata ya ɗauka shi kaɗai ne la'ananne ba.

KO YA DACE DA MUSULMI?

Wajibi ne a faɗi gaskiya. AA ta tsiro ne daga wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Oxford Group, tarurrukanta da yawa a ɗakunan coci ake yin su, wasu kuma sukan rufe da addu'ar Kirista. Amma ƙa'idarta ba ta tilasta wa kowa wata aƙida ba, kuma wanda ya yi shiru lokacin addu'ar da ba tasa ba babu mai tuhumarsa. Musulmin da ya shiga ya san wa yake nufi idan an ambaci Ubangiji. Haka kuma Musulmi sun daɗe da gyara tsarin ya dace da su. A shekarar 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimo na Amurka suka kafa Millati Islami, suka gina matakan a kan tauhidi da tuba da salla. A Iran kuwa ƙungiyar Narcotics Anonymous, ƙanwar AA da aka kafa a Kalifoniya a 1953 domin masu shan ƙwaya, ta bunƙasa har ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya wajen yawan tarurrukanta.

Shubuha ta biyu ita ce ta tona asirin kai. Gaskiya ne hadisi ya zargi wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya fito yana ba da labari. Amma wannan mai alfahari ne da saɓo. Wanda ya faɗi ciwonsa domin neman magani hukuncinsa daban ne, kamar mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana cewa ya halaka domin ya kusanci iyalinsa da rana cikin Ramadan, aka saurare shi aka nuna masa mafita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Hasali ma ɓoye suna da riƙe sirri, waɗanda su ne ginshiƙin wannan zama, suturta Musulmi ne a aikace. Kuma a hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya nan ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Sauya majalisa yana cikin maganin.

ASIBITI TUKUNA

Akwai gargaɗin da rai ya rataya a kansa. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, haɗari ne ya yanke lokaci guda ba tare da likita ba. Alamun sukan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa cikin kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana biyu zuwa huɗu wasu sukan shiga ruɗewa mai tsanani, da gane-gane, da zazzaɓi, da bugun zuciya, wanda yakan yi kisa idan ba a kai asibiti ba. Sau da yawa dangi sukan ɗauka aljanu ne, a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure. Addu'a tana da matsayinta, amma wannan hali na gadon asibiti ne. Likita yana da magungunan da ke kwantar da jijiyoyi a kwanakin farko, da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa, akwai kuma irin su naltrexone da acamprosate masu rage ƙwaɗayin sha daga baya. Ya kamata a tuna da wannan musamman a farkon Ramadan, lokacin da masu niyyar alheri da yawa suke yankewa a dare ɗaya. Yana da kyau kuma a nemi gwajin hanta, domin giya a kan ciwon hanta nau'in B wuta ce a kan fetur.

YADDA AKE NEMO ZAMAN

Ƙofa ta farko ita ce asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jos duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne. Idan ya ga likita, sai ya tambaye shi kai tsaye, ko ya tambayi nas ko jami'in walwala, shin akwai zaman rukuni na masu neman daina sha, wace rana ake yi, kuma wa zai haɗa shi da wanda ya riga shi dainawa.

Ƙofa ta biyu ita ce sashen ba da shawara na hukumar NDLEA. Ko da yake aikinta ya fi karkata ga miyagun ƙwayoyi, matasa da yawa suna haɗa giya da kodin ko tiramol ko wiwi. A shekarar 2022 hukumar ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, domin masu neman shawara cikin sirri.

Ƙofa ta uku ita ce wayar da ke aljihu. Tarurrukan AA na ido da ido a Nijeriya sun fi samuwa a manyan birane irin su Legas da Abuja, amma tun daga annobar korona a 2020 tarurruka ta intanet suka yawaita, ana yin su ta manhajar Zoom dare da rana, da Turanci da Faransanci da Larabci. Mutum na iya rufe kyamara ya saurara kawai daga ɗakinsa a Gusau ko Maraɗi.

Sai dai a yi hattara da 'yan kasuwar wahala. Zaman gaskiya ba ya karɓar kuɗin shiga, ba ya neman katin shaida, ba ya ɗaukar hoto, ba ya sayar da magani, kuma ba ya kulle kowa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, da yawansu ɗaure da mari, jikinsu duk tabon duka, kuma a watan Oktoba aka bankaɗo irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suka nema, amma sarƙa tana riƙe ƙafa ne kawai, ranar da aka kwance ta ƙishirwar tana nan tare da ƙiyayya a kai.

RANAR FARKO DA BAYANTA

Tafiya ta farko ita ce mafi nauyi. Zuciya za ta kawo uzuri iri-iri, mafi girmansu shi ne tsoron kada ya tarar da wanda ya san shi. To, duk wanda ya tarar a ɗakin abin da ya kawo shi ne ya kawo wancan, asirinsu a hannun juna yake. Ya isa wurin da wuri, ya gaya wa mai buɗe ƙofa cewa yau ne zuwansa na farko. Ba dole ba ne ya yi magana, yana iya cewa saurare ya zo yi. Ya nemi inda labarin mutane ya yi kama da nasa, ya bar inda suka bambanta. Kafin ya tafi ya karɓi lambar waya ta mutum biyu ko uku, domin ƙwaɗayin sha ba ya jiran ranar taro, kuma kiran da ke da amfani shi ne wanda aka yi kafin a sha.

Kada ya yanke hukunci da zama ɗaya, ya gwada sau shida ko fiye, in da hali a wurare daban-daban. Bayan 'yan makonni sai ya nemi jagora, wato namiji ɗan'uwansa da ya daɗe da dainawa, wanda zai riƙa bibiyarsa yana bi da shi matakan ɗaya bayan ɗaya. Masu tsarin ba sa ɗora wa sabon shiga alƙawarin shekara goma, abin da suke nema shi ne kada ya sha yau. Musulmi ma yana da abin da ya fi haka sauƙi, domin an yanka masa yininsa gida biyar: daga Asuba zuwa Azahar, daga Azahar zuwa La'asar, har ya kwanta. Idan kuma ya zame ya sha, to ya koma zaman washegari ya faɗi gaskiya. Kunyar komawa ce take mayar da kurɓa ɗaya ta zama wata shida.

INDA BABU, A KAFA

A ƙa'idar AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu domin daina sha sun isa su zama rukuni, kuma da mutum biyu abin ya fara a Akron. Don haka garin da babu zama ba shi da uzuri. Abin da ake buƙata shi ne ɗaki mai sirri, kamar ajin Islamiyya bayan Isha'i, da rana da lokaci tsayayyu waɗanda ba sa sauyawa ko da mutum biyu ne suka zo. A buɗe da addu'a, shugabancin zama ya riƙa zagayawa, kowa ya yi maganar kansa na 'yan mintoci ba tare da an katse shi ba, kada wani ya mayar da wurin mumbarin yi wa wani wa'azi. A ajiye waya, a bar siyasa da saɓanin ƙungiyoyi a bakin ƙofa, kuɗin shayi ya fito daga aljihun mahalarta domin kada mai bayarwa ya zama mai iko. A riƙe lambar likita ko nas da za a kira idan wani ya shiga hali. Ana iya gayyatar malami lokaci-lokaci ya yi bayanin tuba, amma ragamar zaman ta zauna a hannun masu ciwon, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su kuma matasan da Allah ya tsare su daga wannan jarrabawa, aikinsu a fili yake. Su samar da ɗakin su miƙa makulli, sannan su kau da kai. Kada wani ya tsaya a bakin layi yana ƙirga masu shiga, domin an hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, kuma kalma ɗaya da ta fita tana iya rusa wa mutum aure ko aiki, ta kuma rufe ɗakin har abada. Wanda abokinsa ya gaya masa sirrinsa, ya raka shi asibiti, ya biya masa kuɗin mota zuwa zaman, ya cike masa lokacin da ya saba zuwa mashaya da karatu ko ƙwallo ko sana'a. Iyaye da matan aure ma suna buƙatar nasu zaman, abin da ya sa aka kafa Al-Anon a 1951 domin iyalan mashaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Matashin nan da ya ɗaga hannu a sahu yau ya riga ya san giya haramun ce, ya ji wa'azin sau ɗari, kuma hawayensa shaida ne cewa imaninsa bai mutu ba. Abin da bai sani ba shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa gobe da yamma idan jikinsa ya fara rawa. Alhakin nuna masa ita yana wuyan waɗanda suka yi sahu da shi.

Allah (SWT) ya karɓi tubar masu tuba, ya yaye wa waɗanda aka jarrabta, ya tsare waɗanda ya tsare, ya kuma sanya matasan Musulmi su zama masu rufa wa juna asiri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.